Jinsi da Ladabtar da Ɗalibai a Makarantun Sakandare: Nazari a kan Talata Mafara da Bakura da Maradun

Tsakure

Maƙalar ta nazarci tasirin jinsi a kan yadda ake ladabtar da ɗalibai a makarantun sakandare na ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Akasarin muhawara ta tsaya ne a kan mai horo, wato ko malamai maza sun fi mata tsanani. A nan an mayar da hankali kan wanda ake hora: laifin da ake kama shi da shi, da horon da ake yanke masa, da abin da horon yake haifarwa bayan an tashi daga makaranta. Ta hanyar bitar dokoki da manufofin ilimi da ayyukan magabata, maƙalar ta nuna cewa horon ɗa namiji yakan sauka a jikinsa ya ƙare a ranar, na 'ya mace kuwa yakan taɓa mutuncinta da zamanta a makaranta. Saboda haka abin da ake ɗauka sassauci ne ga mace, sau da yawa shi ne horo mafi nauyi.

1.0 Gabatarwa

Jihar Zamfara, wadda aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, tana da ƙananan hukumomi 14. Uku daga ciki, Talata Mafara da Bakura da Maradun, suna maƙwabtaka a shiyyar Zamfara ta Yamma, kuma madatsar ruwa ta Bakolori da noman ranin da ta samar sun haɗa arzikinsu wuri guda. Kowace ta taɓa fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura (1999–2007), da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara (2011–2019), da Bello Matawalle na Maradun (2019–2023). Haka kuma kowace ta ga satar ɗalibai a shekarar 2021. Ranar 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga sakandaren kwana ta 'yan mata da ke Jangebe a ƙasar Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba kuma aka tafi da ɗalibai 73, bisa ƙididdigar 'yan sanda, daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. Bayan harin Jangebe gwamnati ta rufe makarantun kwana, bayan na Kaya ta rufe makarantun jihar baki ɗaya.

A irin wannan yanayi, uban da ya bar 'yarsa ta ci gaba da sakandare ya yi hakan ne da zuciya biyu, kuma dalili kaɗan ya isa ya sa ya janye ta. Wannan ne ya sa yankin ya dace da nazarin. Manufar maƙalar ita ce gano inda jinsi yake shiga cikin sha'anin horo, da auna nauyin horon kowane jinsi da ma'auni guda: shin ɗalibin ya ci gaba da karatu bayan horon, ko a nan karatun ya tsaya?

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Malaman Malikiyya, mazhabar da yankin yake bi, sun daɗe da yi wa dukan almajiri iyaka. Ibn Sahnun na Ƙairawan (ya rasu 870), a littafinsa Adabul Mu'allimin, ya taƙaita bulalar karatu a kan uku, ya hana a haura goma ko da laifin na rashin ladabi ne, ya kuma hana dukan kai da fuska. Alƙabisi (ya rasu 1012) ya bi sahunsa, ya yi gargaɗi a kan dukan da malami yake yi don huce fushinsa. Ibn Khaldun (1332–1406) ya zarce su a Muƙaddima, inda ya nuna cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da yaudara, domin yakan ɓoye abin da ke ransa saboda tsoron hannun da ke kansa. A gida kuwa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat cewa lokacin da Shehu Usmanu yake wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami, Mustafa Goni, ya soki halartar mata wurin wa'azin. Amsar da aka ba shi ta ginu ne a kan auna ɓarna biyu: barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu muni.

A ɓangaren masana na zamani, Foucault (1975) ya bayyana makaranta a matsayin wurin da ake sarrafa jiki da lokaci ta hanyar jeri da ƙararrawa da sa ido. Eagly da Johnson (1990) sun tattara nazarce-nazarce masu yawa a kan salon shugabanci, suka gano mata sun fi karkata ga shawara da jawo na ƙasa a jiki, ko da yake bambancin bai kai yadda ake zato ba. Morrell (2001) ya danganta ɗorewar bulala a makarantun Afirka ta Kudu, bayan an haramta ta a 1996, da tunanin cewa jure duka shi ne mazantaka. Dunne (2007) a Botswana da Ghana, da Humphreys (2008) a Botswana, sun nuna cewa horo yana bin jinsi ta kowace fuska: gaɓar da ake duka, da wanda ke duka, da aikin da ake sa ɗalibi, har da yadda samari suke ƙin miƙa wuya ga malama. A Nijeriya, binciken cin zarafin yara na 2014, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya gano cewa kimanin yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18.

Giɓin da ya rage shi ne na sakamakon horo. Nazarin da ya dogara da rarraba wa shugabannin makarantu takardar tambayoyi a kan salon horonsu yana samo yadda suke kallon kansu ne kawai. Ba ya bin ɗalibar da aka kora har gida.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na bitar takardu ne. An duba kundin Final Kod, da Dokar Haƙƙin Yaro ta 2003, da Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, da ƙa'idojin aiki na Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, da Manufar Ƙasa kan Tsaron Makarantu da Kawar da Cin Zarafi ta 2021. An auna su da hanyoyin horon da aka sani a makarantun gwamnati na Arewa, sannan aka ɗora su a kan yanayin zamantakewa da tsaro na ƙananan hukumomin uku. Ba a jingina wata ɗabi'a ga wata makaranta da sunanta ba. An kasa horo gida uku: horon jiki (bulala, durƙuso, kamun kunne, tsallen kwaɗo, aikin ƙarfi), da horon mutunci (tsawa da gori da tonon asiri a bainar jama'a), da horon nesantarwa (mayarwa gida, dakatarwa, kora).

4.0 Nazari

4.1 Doka mai baki biyu

Sashe na 55 na Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, ya cire dukan gyara da malami zai yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga jerin laifuka, muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Sashe na 11 na Dokar Haƙƙin Yaro kuwa ya hana a cutar da yaro a jiki ko a tunani, ko a wulaƙanta shi. Zamfara ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2022. Ƙa'idojin Hukumar Rajistar Malamai sun hana malami duka, amma suka bar ƙofa: sai in hukumar makaranta ta ba da izini. Ke nan hukunci ya koma hannun shugaban makaranta da malamin ladabtarwa, kuma inda doka ta yi shiru, al'ada ce take magana. Al'adar kuwa tana tare da bulala. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma imanin nan na cewa wuta ba ta cin inda bulalar malam ta taɓa ya biyo yara daga makarantar allo zuwa ta boko, amma iyakokin da Ibn Sahnun ya gindaya ba su biyo shi ba.

4.2 Jinsintar da laifi

Dokar makaranta iri ɗaya ce a rubuce, amma laifin da ido yake nema ga kowane jinsi daban ne. Ga namiji ana neman laifin aiki: faɗa, tsallake katanga, shaye-shaye, askin banza, ɗaga wa malami murya. Ga mace ana neman laifin kamanni da mu'amala: tsawon hijabi, lalle da kwalli, riƙe waya, tsayawa da namiji a hanya. Na farko ana yi masa fassarar ƙuruciya, na biyu ana yi masa fassarar tarbiyyar gida. Yaron da aka kama da waya ya karya doka ne kurum. Yarinyar da aka kama da ita kuwa, tambayar farko da ake yi mata ita ce wa ya saya mata.

Latti shi ne laifin da ya fi nuna wannan bambanci, domin shi ne ake kamawa kullum. Da an buga ƙararrawar asambili, firifet yakan tsaya bakin ƙofa ya tare duk wanda ya makara, a jera su a durƙushe har a watse. Mai tsaron ƙofa ba ya tambayar dalili. A ƙauyukan da ke cikin aikin Bakolori, yaro yakan makara ko ya yi fashi a lokutan da aka sani: ban ruwan shinkafa, girbi, ranar kasuwar Talata. Lattinsa na lokaci ne, kuma malamai sun san lokacin. Yarinya kuwa lattinta na kowace safiya ne, domin ɗebo ruwa da shara da wanke-wanke da shirya ƙanne, wani lokaci har da tallan koko ko ƙosai, duk suna gaban tafiya makaranta. Idan aka hore ta a kan latti, an hore ta ne a kan biyayyar da ta yi wa uwarta. Ba ta da ikon gyara laifin, don haka gobe ma za ta durƙusa, har ranar da za ta ga fashi ya fi mata sauƙi.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Ɗalibar da take al'ada, a makarantar da ba ta da ban-ɗakin mata mai ƙofa da ruwa, takan yi fashi ko ta sulale kafin a tashi. Idan ana rubuta sunayen waɗanda ba su fito sallar azahar ba, sunanta zai shiga. Kunya ba za ta bar ta ta yi wa malami namiji bayani ba, sai ta zaɓi karɓar horo.

4.3 Horon jiki da horon mutunci

Babu shakka maza sun fi shan bulala, yawa da tsanani. Gershoff (2017), a bitarta ta dukan ɗalibai a ƙasashen duniya, ta nuna samari sun fi fuskantarsa. Namiji ana kwantar da shi ko a zane masa baya, mace ana dukan tafin hannu. Aikin horo ma haka: yankan ciyawa da haƙa rami da cire kututture na maza ne, shara da wankin ban-ɗaki da gyaran ofishin malamai na mata. Makaranta ta kwafi rabon aikin gida ta mayar da shi horo, ta kuma tabbatar wa kowa matsayinsa.

Illar wannan ga namiji ba ƙarama ba ce. Yaron da ya sha bulala goma bai motsa ba yakan samu girma a wurin abokansa, don haka horon ya zama gasar taurin rai. Da ya zama siniya, shi ma sai ya riƙe bulala a kan na ƙasa da shi. A yankin da matasa suke ganin mai bindiga ne yake da iko, makarantar da take koyar da cewa ƙarfi ne yake raba gardama tana maimaita darasin da ya kamata ta rushe.

Sassaucin da ake yi wa mace a bulala ana cike gurbinsa da baki. Gorin cewa ta isa aure, ko ta yi girma da ajin, ko karanta saƙonnin wayarta a gaban asambili, ba sa barin tabo a fata, don haka babu mai rubuta su a littafin horo. Amma a garin da kowa ya san gidan kowa, maganar da aka yi a filin makaranta da safe takan riga ɗalibar isa unguwa. Tabon bulala kwana kaɗan ne ya warke. Sunan da aka ɓata kuwa yakan bi yarinya har lokacin da ake binciken aurenta, kuma iyaye sun san haka.

4.4 Horon nesantarwa

A nan ne bambancin ya fi tsanani, kuma a nan ne aka fi rashin lura da shi. Malamin da ba ya son dukan 'ya mace, musamman wadda ta balaga, yakan ga hanya mafi tsabta ita ce ya ce ta koma gida ta zo da mahaifinta. A wurinsa ya yi adalci, ya kuma kare kansa daga zargi. Sai dai umurnin ba ya sauka iri ɗaya a gidaje biyu. Uban yaro yakan zo ya ba da haƙuri, ko ma ya nemi a ƙara wa yaron bulala, a koma aji. Uban yarinya yakan ji kiran a matsayin shaidar cewa abin da ake faɗa game da boko ya tabbata a gidansa. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matsakaicin shekarun auren fari na mata bai kai 17 ba, wato daidai shekarun babbar sakandare. Dakatarwar mako biyu a irin wannan lokaci tana iya zama sallama, ko da yake a rajista ba za a rubuta kora ba. Za a rubuta cewa iyaye sun cire ta, makaranta ta fita daga lissafi.

Tun 2021 abin ya ƙara wata fuska. Mayar da ɗalibi gida da hantsi yana nufin ya bi hanya shi kaɗai, ba cikin ayarin 'yan uwansa ba, a kan hanyoyin da manya ma suke auna lokacin binsu. Ɗalibin da ya fito daga ƙauye mai nisan kilomitoci, aka rufe masa ƙofa saboda latti, ba ya makaranta kuma ba ya gida, kuma babu wanda ya san inda yake. Namiji yakan laɓe a tasha ko kasuwa har a tashi, inda zai haɗu da abokan da suka fi malamansa tasiri a kansa. Mace kuwa, ganinta a hanya cikin kayan makaranta a lokacin darasi sabon abin zargi ne. Manufar tsaron makarantu ta 2021 ta haɗa harin waje da cin zarafin cikin makaranta a takarda ɗaya, amma a aikace katanga da maigadi ake kallo, ba a kallon umurnin da yake fitar da yaro bayan katangar.

Ma'aunin da aka amsa wa Mustafa Goni da shi ya dace da wannan wuri. Idan aka auna ɓarnar gajeren hijabi ko waya da ɓarnar yankewar karatu, ta biyun ta fi girma nesa ba kusa ba. Dokar 2004 ta wajabta karatun shekara tara, wanda ya haɗa da ƙaramar sakandare, sashe na 15 na Dokar Haƙƙin Yaro kuma ya ba ko yarinyar da ta yi ciki damar komawa karatu bayan haihuwa. Bai dace a ce laifin da bai kai wannan ba ya raba ɗaliba da aji.

4.5 Jinsin mai horo

Tambayar da aka fi yi, wato ta jinsin mai horo, ita ce mafi ƙarancin amfani, amma tana da gurbinta. Abin da ya fi jinsin shugaba tasiri shi ne ko akwai malama a makarantar. A birane kamar Gusau da cikin garin Talata Mafara ana samunsu. A ƙauyuka kuwa samunsu yana da wuya, kuma rashin tsaro ya ƙara tura su gari. Saboda wannan matsala ne shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP3 (2012–2022), wanda Zamfara take ciki, ya tallafa wa matan karkara su yi karatun malanta, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau wadda ta mata ce zalla. Inda babu malama, duk wani laifin mace sai ya bi ta hannun namiji, shi kuma ba shi da abin yi sai gori ko mayarwa gida.

Inda take kuma, matsayinta yana da rauni. Malamar da take tura samari wurin malamin ladabtarwa don ya dake su tana koya musu cewa iko na namiji ne, nata aro ne. Ba a kuma ce mace ta fi tausayin mace ba. Matiron da firifet mata sukan fi kowa tsanani a kan sutura da mu'amala, domin su ake tuhuma idan aka ce 'yan matan makaranta sun lalace.

5.0 Abubuwan da Suke Buƙatar Gyara

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2023, kuma a shekarar ce Zamfara ta shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka tsara domin karatun 'yan mata a sakandare. Gine-gine da tallafin kuɗi suna kawo yarinya makaranta, amma tsarin horo ne yake yanke ko za ta zauna. Gyara na farko ba ya cin ko sisi: Ma'aikatar Ilimi ta hana mayar da ɗalibi gida a lokacin darasi, ko mace ko namiji, kowane horo a yi shi cikin harabar makaranta. Dakatarwa kuma kada ta zama hukuncin mutum ɗaya. Ta bi ta kwamitin da yake da malama, in babu ita a sa uwa daga kwamitin gudanar da makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, kuma kiran iyaye ya kasance da wasiƙar da ta fayyace laifin da ranar dawowa, don kada gida ya cike giɓin da zato.

Rage bulala abu ne mai yiwuwa ko a makarantun da ba su da hali. A gundumar Luwero ta Uganda, gwajin da Devries da abokan aikinta suka wallafa a 2015 ya nuna shirin ƙungiyar Raising Voices ya rage dukan da ma'aikatan makarantun firamare suke yi wa yara da kashi 42 cikin ɗari, ta hanyar horar da malamai da kafa dokokin aji tare da ɗalibai. A Mafara da Bakura da Maradun, hujjar da za ta fi shiga kunnen malamai da iyaye ita ce ta Ibn Sahnun da Ibn Khaldun, domin babu mai cewa baƙuwa ce.

Sai littafin horo. A yanzu, inda ake cika shi, suna da laifi da hukunci ake rubutawa. Ya kamata a ƙara masa gurbi biyu, jinsin ɗalibi da ranar da ya dawo aji, kuma jami'an duba makarantu na shiyya su riƙa kwatanta shi da rajistar halarta a ƙarshen kowane zango. Duk sunan da gurbin dawowarsa ya kai mako biyu babu komai, a tura malami ko wakilin kwamiti gidan.